Garaya Sai Ta Ci Damina

Kullum aka idar da sallar asuba a Zandam, Malam Yahuza ba ya komawa ɗaki. Zaure yake shiga, ya bi garayun da ya rataye ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa fatarsu da bayan yatsa kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abin da mutane ke wucewa shi ke tsayar da ni, kuma ban taɓa ganin abin mamaki irin mutum yana gaida itace ba.

Tun yana saurayi yake sassaƙa garaya da itacen alilliba, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sayar da ita sai ta ci damina a rataye. Ya ce fata da itace ba sa sanin halin juna sai laima ta shiga tsakaninsu. Wadda ta saki ya sake ɗaure ta. Wadda ta tsage, sai murhun matarsa, Inna Mero. Idan aka ce ya cika tsada, sai ya ce har da kuɗin waɗanda suka ƙone.

Wata bazara ina zaune a zauren, hatsi ya ƙare a gidan, sai ga Alhaji Abdulsamad mai motoci daga Birnin Kudu. Duk garayun da ke rataye yake so, a kai otal ɗin abokinsa a Kano.

"Ba su ga ruwa ba tukuna, Alhaji."

"Haba Baba! Don ado ne fa, a bango za a kafa. Wa zai kaɗa?"

"Ran da wani ya sauko da ɗaya ya taɓa, ta yi masa kukan akuya, sunan wa zai tambaya?"

Daga bayan zana Inna Mero ta ce, "Malam, rumbu dai ba ya jin kiɗa!"

Ya ji ta sarai. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da gogar itace har motar ta tashi.

Kai ne, Yahuza, gizago mai haƙuri. Kai ka zaɓi tuwo ba miya a kan a ji ƙarya daga hannunka. Mu kuma me muka yi maka? Mun yi rawa da garayarka a bukukuwa daga Maruta har Wurno, mun yi wa makaɗi liƙi, ba wanda ya tambaya wa ya sassaƙa. Mun sayar wa masu gawayi alilliba har sai ka yi tafiyar yini kafin ka ga guda. Ɗanka Abdulnasir ya zaɓi tuƙin babbar mota, ban ga laifinsa ba, ya ga yadda muka biya ka.

Bana hannunsa ya fara rawa, ya ajiye gizago. Abin da ke hana shi sukuni ba yunwa ba ce. Ya aika gida-gida cewa zai koyar kyauta, har da abincin rana. Wani dattijo ya mayar masa da cewa jikansa ba zai zama maroƙi ba.

Mun gode, Malam Yahuza, ko da godiyar ta zo a makare. Ku kuma masu kowace sana'a, ku koyi ƙin sakin aikin da bai nuna ba. Wanda kuma ke da ɗa mai kunne da haƙuri, ya kai shi Zandam yanzu. Hannun ya gaji, amma bakin yana iya bayani, kuma har yau tabarmar da ya shimfiɗa wa mai koyo ni kaɗai ke zama a kanta, ni da na girme shi.