Wayata da wayar Yaya

Abin da ke cikin wayar nan ranar da ta mutu, na san shi ɗaya bayan ɗaya. Haɗin turare ɗari biyu da 'yan kai, kowanne da sunan mai shi da abin da hancinta yake so. Hotunan itatuwan da nake sarowa, domin in gane na ƙwarai idan an kawo mini jabu. Sai muryar Inna guda bakwai, da na ɗauka a shekararta ta ƙarshe, tana bayanin kayan haɗin turare, yadda ake wanke farce da yadda ake soya hawi kada ya ƙone. Wannan shi ne jarina. Kayan rumfa kowa yana iya sayensu a kasuwar Kurmi, amma ba kowa ya san cewa wance ba ta son kajiji ya yi yawa ba.

Ni dillalin turare ne, da faranti na fara, yau ina da rumfa. Ni nake karɓar aiki, yayata kuma ita take haɗawa a gidanta na Yakasai, domin ita ta gaji hannun Inna. Ni kuwa baki na gada.

Da na bar dogaro da ƙwaƙwalwata na koma rubutu a waya, mai gyaran wayar da nake hulɗa da shi ya so ya sa mini manhajar da ke ajiye komai a intanet. Na tambaye shi a ina ake ajiyewa. Ya ce a rumbun kamfanin, can wata ƙasa. Na ce a'a. Ban taɓa ba wa wanda ban san fuskarsa ba ajiyar makullin rumfata ba, ba zan fara da tsufana ba. Sai ya nemo wata manhajar rubutu, ya ce ita wannan babu rumbun kowa a tsakani. Waya da waya ne suke ba juna. Idan tawa da ta Yaya suka hau waifai ɗaya, wato layin sadarwar gida ɗaya, kuma manhajar tana buɗe, abin da ke cikin wannan zai shiga waccan, na waccan ya shigo wannan. Idan ba su haɗu ba, kowace tana nan da abinta.

Wannan ya yi mini, domin haɗuwa muna yi. Tun Inna tana da rai, kowace Juma'a bayan an sakko daga masallaci nake biyawa Yakasai in gaishe ta. Da ta rasu ban fasa ba, gaisuwar ta koma kan Yaya. Sai ya zama ina shiga, ina cire takalmi, sai in ajiye wayata kusa da tata a kan dardumar falo, in ce ta buɗe manhajar.

"Auta, ni ka zo gaisarwa ko wayarka ce ta kawo wa tawa ziyara?"

"Yaya, duk zumunci ne."

"To ita wayar a zubo mata dambun, tun da ita ce baƙuwar."

Kafin mu gama cin abinci sun gama tasu hirar. Wani lokaci mukan taɓa haɗi ɗaya a mako guda, ita ta rage miski a nata, ni na ƙara a nawa. Manhajar ba ta raba gardama. Sai ta ajiye duka biyun ta bar mu da juna, kuma kusan kullum na Yaya ne yake zama.

Wata Alhamis da hantsi ina rumfa, na sunkuya zan auna madarar turare daga babban bokiti, wayar ta sulluɓe daga aljihun gaban rigata ta nutse. Na tsamo ta tana ɗiga. Mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ta riga mu gidan gaskiya. Amma ban taɓa ganin gawa mai ƙamshi irin wannan ba."

Ban yi dariya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban san ko komai ya shiga tata ba. Na daɗe ina ajiye waya kusa da waya, amma ban taɓa ɗaukar ta Yaya na duba ba. Kuma na san halinta, takan kashe abubuwa don kada caji ya ƙare. Har wani tunani ya zo mini, wai ko mutuwar tawa za ta shafe na cikin tata. Mai gyara ya ce ba haka abin yake ba, amma ai shi ba jarinsa ba ne.

Na sayi wata wayar a wurinsa, ya sa mini manhajar, na kama hanyar Yakasai a ƙafa ta lunguna. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana juya itacen sandal da muciya a kan wuta. Ta dube ni, ta dubi sabuwar wayar.

"Yau ba Juma'a ba. Wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ba ta ajiye muciyar ba.

"Shi ne ka shigo ko sallama babu? Koma ka yi sallama."

Na koma zaure na yi sallama, ina da furfura a gemu. Sannan ta wanke hannu ta ɗauko wayarta. Wani zane ya fito a fuskar tata mai kama da saƙar tabarma, na haska shi da kyamarar tawa kamar yadda aka nuna mini, ta danna amincewa. Muka zauna muna kallo. Sunaye suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Da na ga na Inna sun shigo, na taɓa na farko. Muryarta ta cika tsakar gidan tana cewa a rage wuta, a rage wuta, gaggawa ba ta yin turare. Yaya ta tashi da sauri ta janye itace daga murhu, domin sandal ɗinta ya fara kamawa.

Komai ya dawo, sai abin da na rubuta bayan Juma'ar da ta wuce. Yawancinsa na tuno. Guda ɗaya ne ya gagare ni. A farkon makon wata dattijuwar Hajiya daga gidajen Larabawan cikin gari ta zo rumfa ta karanta mini haɗin mahaifiyarta, za a yi wa jikarta na biki. Kaya goma sha wani abu ne, da awonsu. Na je gidanta na faɗi gaskiya. Ta saurare ni har na gama, ta ce wanda ya zubar da abin da aka ba shi sau ɗaya ba a sake ba shi. Ta kai aikinta wani wuri. Ban ga laifinta ba.

Tun daga nan nakan biya Yakasai ranar Talata ma. Yaya ta ce ashe sai waya ta mutu ake ƙara zumunci, na ce ta yi ta faɗa, bakinta ne.

Idan na yi lissafi, na yi asarar waya ɗaya da bokitin madarar da na zubar da rabinsa wurin tsamo ta, da Hajiya ɗaya wadda har yau idan ta wuce rumfata ba ta waiwayowa. Na tsira da haɗi ɗari biyu da 'yan kai da muryar Inna bakwai, babu wadda ta ɓata. Na ƙaru da dambun Talata. Alhamdu lillahi, cinikin bai faɗi ba.