Sista Saratu da Wayar Jikata

Labari ya iske ni yau da safe ina tsaka da matse hula, sai da na sake ta ta koma cikin ruwan sabulu. Wai Sista Saratu ta tsaya gaban manyan malamai da bincikenta, sun ce ya yi. Daga yau Dakta za a riƙa ce mata.

Wallahi tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya.

Ni ne Baba Bukar mai wankin hula, na unguwar Limanti. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne jikata Falmata na rubutawa, da izininta da na mijinta, don rabin maganar tasu ce.

Falmata ta haihu ba ta kai ashirin ba. Haihuwar ta zo da gardama, aka yi mata aiki, ta zubar da jini sosai. Ranar sallama likita ya ce kada ta kuskura ta sake ɗaukar ciki sai jikinta ya warke, in ba haka ba rai ake magana. Muka ce to, muka dawo gida. Babu wanda ya san yadda za a yi da wannan to ɗin.

Ana nan sai ga wata ma'aikaciyar jinya da baƙar jaka, ta gaishe mu da "wushe" da harshenta na mutanen Biu. Ita ce Sista Saratu. Ta ce tana bincike ne a kan 'yan mata masu jego, ko darasi ta waya zai taimake su su huta kafin wani cikin. Wadda ta yarda za a sa ta a group, saƙon murya na zuwa da Hausa da Kanuri, ta yi tambayar da kunya ta hana ta yi a asibiti.

Na ce, 'yata, abin na aiki?

Ta ce, "Baba, ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake binciken."

Wannan amsar ce ta sa na ba ta benci. Da ta ce min yana aiki, da ta koma da jakarta.

Amma na kafa sharaɗi. Duk saƙon da ya shigo, kunnena zai fara ji. Na rayu na ga zamanin da mace ke tafiya gidansu goyo, ba ta komawa ɗaki sai yaro ya yi ƙwari. Kwanika, wato ciki a kan goyo, abin gori ne a lokacinmu. Yanzu wa ke da ɗakin ajiye 'ya da jika har yaye? Al'adar ta tafi, ba a kawo komai a madadinta ba. Ina so in ji me waya za ta ce.

Sista ta kalli Falmata ta ce, "Wayarki ce. Kin yarda?" Falmata ta ce tsohon nan ko an hana shi zai ji.

Haka na zama tsoho ɗaya tilo cikin masu jego. Ina goga hula ina jin darasin allurar hutun haihuwa, da na ƙwaya, da na abin da ake sa wa a hannu. Wata rana aka ce shayarwa kaɗai ba ta hana ciki in yaro ya fara cin abinci. Na danna na yi musu da ƙarfi, a zatona Sista kaɗai za ta ji. Ashe duk group ɗin ya ji. 'Yan mata suka yi ta dariya, wata daga unguwar Dala ta ce, "Kaka, wata nawa yaronka?"

Sista ba ta yi min dariya ba. Ta biyo ta rumfa, ta gwada min hawan jini, sannan ta tambaye ni mata nawa na sani da suka yi kwanika da yaro a nono. Na fara lissafa su da sunan gidajensu. Da na ji yawansu na koma kan gugar hulata. Har yau ban ce ta yi nasara ba.

Inda abin ya tsaya shi ne Modu, mijin Falmata, mai keke. Yaron kirki ne, amma ya ji ana cewa allura na kashe mahaifa, ya ce ba a gidansa ba. Falmata ta koma ɗakinta tana ramewa don tsoro. Ubanta ba zai iya wannan magana da suruki ba. Uwarta ma haka. In Modu ya hango Sista sai ya juya keke.

Sista ta zo ta ce, "Baba, a gidan nan wa Modu ba ya jin kunya?"

Na ce ni mana. Ɓarawon da ya ƙwace min mata? Tsakanin kaka da mijin jika ai babu kunya, sai tsiya.

Daren sallah bai yi ba ya kawo hularsa wanki. Ranar karɓa na ce, kai ɓarawo, hular nan ba ta fita sai ka zauna.

Ya ce, "Tsoho, fasinja na jira."

Na ce su jira. Matar da na ba ka aro, da rai nake son kayata.

Na kunna masa saƙon da ke bayanin cewa in an daina allurar, haihuwa na dawowa. Ya ji, ya ce in maimaita. Da saƙon ya ƙare ya ce, "Ita Sistar za ta yarda in yi tambaya ni kaɗai, ba a gaban mata ba?" A satin shi da kansa ya kai Falmata asibiti a kekensa.

Ganina na ƙarshe da Sista watan jiya ne. Ta zo tambayoyinta na rufewa, ta rame don karatu. Ta ce, "Baba, yanzu ka yarda da waya?" Na ce a'a, waya maƙaryaciya ce, na dai san wadda ke bayanta. Ta yi dariya har ta goge ido, ta ce in rage gishiri.

Ban san abin da lissafinta ya nuna ba, wannan na malamai ne. Abin da na sani, satin nan aka kawo min yaron Falmata gidana yaye. Yana tafiya, yana zubar min da ruwan sitaci. Uwarsa ta zo da ƙafarta, ta yi ƙiba, babu ciki. Ta ce in cire maganar ƙiba. Na ce ta bar ta.

Allah ya yi wa Dakta Saratu albarka, ya tsare ta duk inda aiki ya kai ta, ya jiƙan iyayen da suka haife ta. A group ɗin nan akwai yaran da har yau mazansu ba su zauna sun ji ba. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su a addu'a tare da ita, Allah ya tausasa zukatan mazan kafin lokaci ya ƙure.