Likkafanin Baba Haladu Ya Je Zanzibar

Shekara talatin da huɗu Baba Haladu ya yi yana sayar da kayan yaji a wani ɗan shago a unguwar Aziziyya ta Madina, kuma in ka cire aikin Hajji, ƙafarsa ba ta taɓa wuce Khaibar ba. Ba rowa ce ta hana shi ba, iƙamarsa ma, takardar izinin zama, lafiya lau take. Tsoro ne kawai. Ya ƙudurta a ransa a Madina zai mutu a binne shi a Baƙi'a, kuma gani yake ajali na laɓe a bakin gari yana jiran ya fito. Ko Jidda aka ce ya je, sai ciwon ƙafa ya tashi.

Sai ga 'yarsa Naja'atu ta auri Sufyan, wani ɗalibin jami'a ɗan Zanzibar, suka koma tsibirinsu. A shekarar 2003 suka aiko da tikiti, wai ya zo hutun sati biyu ya ga jikoki. Hutun nan shi ya fara ɗaure masa kai. Ya san ziyara, ya san fatauci, ya san gaisuwar mutuwa, amma bai taɓa jin an ƙetare teku don a zauna kawai ba. Da Naja'atu ta fashe da kuka a waya, sai ya karaya. Ya ɗauko likkafaninsa da ya wanke da zamzam ya shimfiɗa a ƙasan jaka, ya danne shi da dabino kilo biyar.

Ranar da suka kai shi bakin teku, ya dubi farin yashi da bishiyoyin kwakwa da ruwa garai-garai, sannan ya tambayi surukinsa kabarin wane bawan Allah ne a wajen. Sufyan ya ce babu kowa.

"To me muka zo yi?"

"Kallo, Baba."

Tsohon ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya ɗaga su ya yi addu'a, tunda ita ya iya.

Abinci kuwa ya ce atafau ba zai taɓa ba. An kawo masa wata halittar ruwa mai ƙafa takwas a cikin miya, ya ce a janye ta, ya gane ɗan saƙon ajali in ya gan shi. Kwana tara ya yi daga dabino sai ruwan shayi, 'yarsa na kallonsa ranta a ɓace.

A na goma aka kai shi gonar kanumfari. Abin da ya shekara da shekaru yana aunawa, ashe toho ne jaja-jaja a kan bishiya. Shi a zatonsa wata ƙaya ce. Yana cikin wannan mamaki aka kece da ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi. Matar mai gonar ta kawo rogo dafaffe da ruwan kwakwa da soyayyen kifi. Rabon Baba Haladu da sabon rogo tun yana ɗan shekara goma sha huɗu a ƙauyensu na wajen Zariya. Ya ce zai ɗanɗana kawai. Ya share kwanon tas, ya nemi ƙari, hawaye na zuba masa. Sauran kwana huɗun ba abin da ya bari, har mai ƙafa takwas ɗin, ya kuma naɗe wando ya shiga teku har gwiwa.

Ya dawo Madina garau, likkafani ya koma saman kabad. Maimakon ya yi murna, sai ya sukurkuce. Da ya buɗe buhun kanumfari sai ya yi tsuru, a nemi citta ya auno masoro. Kunya ta ishe shi. Bayan wata La'asar ya ja amininsa Malam Mahmudu gefe.

"Malam, duk duniya na kukan ta zo Madina. Ni ina nan, raina na wajen rogo. Anya Baƙi'a za ta karɓe ni?"

Malam Mahmudu ya yi dariya ya ce rogo bai taɓa hana kowa kabari ba, amma hankalin tsohon bai kwanta ba.

Da Naja'atu ta bugo ranar Juma'a, bai san sanda ya tambaye ta lokacin mangwaro a can ba. Ta ce saura wata uku, ko ta aiko da tikiti? Ya ɗaga kai ya dubi saman kabad.

"Kar ki aiko," ya ce. "Khalas, na gama fita." Sannan ya ƙara da cewa: "Amma in da za ki aiko, na kwana nawa ne?"