Audugar da Ta Maƙale a Waya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a filin jiragen feshi da ke kusa da Hasahisa. Karatuna bai yi nisa ba. Aikina shi ne duba jirgi kafin ya tashi, kuma a jere nake yin sa kullum: taya tukuna, sannan mai, sannan fiffiken dama, na hagu, wutsiya a ƙarshe. Idan wani ya katse ni da gaisuwa, sai in amsa, in koma kan taya.

A cikin jiragen akwai ƙarami mai kujera biyu da ake koyon tuƙi da shi. A cikinsa ɗan yayata ya koya. Kafin shi, mutanen ƙauyenmu daga ƙasa muka san jirgi, muna duƙe a gonar auduga yana wucewa ta kanmu da warin magani. Shekara biyu ya yi yana koyo. Abu ɗaya ya rage masa, ya tashi a gaban mai jarrabawa a ba shi takarda.

Mai jarrabawar ya zo daga Khartum da safe, ya ce kafin azahar zai juya. Mutanenmu suka jeru a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, don su gani. Yayata tana cikinsu da sabon mayafi.

Na bi jerina har wutsiya. Ɗan yayata yana cikin jirgin, na yi masa alama ya ja sandar tuƙi. Faifan wutsiyar da ke ɗaga hancin jirgi ya tashi, amma sai da ya ɗan tsaya a hanya. Na ce ya sake. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

Tsakanin sandar da faifan, wayar ƙarfe ce ke bi ta cikin jirgin. Injiniyan filin ya koya mini a shafa ta da auduga, domin ido ba ya ganin silin da ya tsinke, amma auduga tana kama shi. Kullum da ita a aljihuna, daga gonarmu. Na buɗe ƙaramar ƙofar gefe, na shafa. Ta maƙale daidai inda wayar ke lanƙwasa. Na ɗauko sabuwa na sake, ta sake maƙalewa.

Ɗan yayata ya sauko ya tsuguna kusa da ni, ya gani da idonsa. Da wasa ya fara.

"Kawu, wannan audugar ai ko gemunka aka shafa mata za ta maƙale."

Ban yi dariya ba. Sai ya rage murya, ya ce jiya ma da wannan wayar ya tashi lafiya, zagaye uku kawai ake nema, in ya sauka shi da kansa zai faɗa wa injiniya. Na ce masa ba haka jerin yake ba, kafin tashi ake faɗa wa injiniya.

"Don darajar nonon da kuka sha kai da Inna, Kawu. Dubi inda take tsaye."

Na duba, na gan ta. Sannan na tashi na kai wa injiniya audugar. Ya zo ya shafa da tasa, ya rufe ƙofar, ya ce jirgin ba zai tashi ba. Aka bincika sito, babu wata wayar. Mai jarrabawa ya shanye shayinsa, ya ce zai dawo bayan girbi. Mutanenmu suka watse daga bakin tur'a ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya biyo baya ma a jere ya zo. Aka rubuta neman waya, ba ta zo ba. Girbi ya wuce, mai jarrabawa bai dawo ba. Aikin feshi ya ragu, aka sallami rabinmu. Sannan yaƙi ya iso, muka gudu wajen dangi kusa da Damazin. Da muka dawo na je filin. An kwashe injin ƙaramin jirgin da tayoyi da kujeru, awaki na kwana a inuwar fiffiken.

Na taɓa tambayar injiniyan, kafin mu rabu, ko wayar za ta iya ɗaukar zagaye ukun nan. Ya ce tana iya yin hamsin, tana iya tsinkewa a na farko, Allah ne masani. Wannan amsar nake ɗauke da ita har yau.

Ɗan yayata yanzu raksha mai ƙafa uku yake ja a kasuwar garin Hajj Abdalla, 'ya'yansa huɗu, furfura ta fara masa. Idan muka haɗu yakan sauko, ya ba ni hannu biyu, ya tambayi lafiya da gida da gajiya, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Idan gaisuwar ta ƙare sai ya koma kan kujerarsa. Ni ma sai in kama hanyata.