Gambar da Baba Alƙali Ya Dasa

Jiya na ga gamba jibge a kasuwar Boɗinga, sai Baba ya faɗo mini a rai. Alƙali ne zamanin Nasara, ba ya yanke shari'ar gona daga zaure. Sai ya taka iyakar da ƙafarsa, ya dasa gamba.

Ranar da wani Di'o, Baturen mulki, ya soke hukuncinsa, aka ƙwace wa wata gwauruwa fadamar albasarta a Danchadi, Baba ya je ya duba, ya dawo rigarsa na warin laka. Na kawo fura, bai sha ba.

Ya ce, "Ɗiyata, sun tumɓuke gambar. Ina za ni ce matar ga ta kai kuka?"

Har ta rasu ba ta sake taka fadamar ba, shi ma bai ƙara dasa gamba ba. Allah Ya sa a can lahira a saurare su.