Kawu da Fayafansa Goma Sha Biyu

Kawuna mai hoto ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a shago ɗaya, mai ƙofar ƙarfe da labule shuɗi da aka zana teku a jikinsa. Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, na tarar labulen yana nan, amma ɗakin bayan shagon ya sauya. Inda a da ake wanke fim, yanzu wata baƙar kwamfuta ce a tsaye, tsayinta ya kai ƙugu, cikinta fayafan ajiya goma sha biyu a jere. Kawu yana kiranta Rumbu. Duk hoton da ya taɓa ɗauka yana ciki. A faifai na bakwai, wanda ya manna wa jar takarda, akwai bidiyon Inna, matarsa da ta rasu, tana shanya a tsakar gida tana ce masa ya ɗauke mata wannan abu daga fuska. Ba shi da wani kwafi.

Tsallaken titi kuma akwai shagon Dogo. Shekara tara Dogo ya yi a hannun Kawu kafin ya buɗe nasa, da gilashi da fitilu da kujerun zama masu laushi. Kawu ba ya kiran sunansa. "Na tsallake" yake cewa. Ya ajiye kujerarsa daidai inda zai ga ƙofar Dogo, kuma ya san adadin masu shiga fiye da mai shagon.

"Ka ga waccan mai jan mayafi?" ya ce mini wata rana. "Ni na ɗauki hotonta tana rarrafe. Yau ta wuce ni ko kallo babu."

A watan da na dawo Rumbu ta fara ciwo. In aka kunna ta, sai a ji ƙas-ƙas daga ciki, faifai biyu ko uku su ɓace, sai an kashe an sake kunnawa. Na buɗe na duba. Akwatin wuta, wato ƙaramin akwatin da ke raba wa kayan ciki lantarki, tsoho ne tun lokacin da fayafan ba su wuce huɗu ba. Na yi wa Kawu bayani cewa faifai ya fi jan wuta a lokacin da zai fara juyawa, kamar mai tura mota da ya fi shan wuya a takun farko. Goma sha biyu kuma a tare suke tashi.

"To, Bature, ka gama? Nawa ne na na tsallake?"

"Nawa me, Kawu?"

"Lambar ƙarfin wuta da ke jikin akwatinsa. An ce wat dubu ne."

Na ce masa ba lambar kaɗai ake dubawa ba. Sai an ƙirga bakunan da za su shiga fayafai, a ga ƙarfin da akwatin ke bayarwa a layin da ke juya su, kuma kada a rataya fayafai da yawa a waya ɗaya. Ya gyaɗa kai har na gama, sannan ya tafi kasuwa ya dawo da mai dubu ɗaya da ɗari biyu. Bai shigo da kwalin ciki ba sai da ya ajiye shi a kan benci a ƙofar shago, lambar tana fuskantar titi, ya sha shayi kofi biyu a gefensa.

Dogo ya gani. Da hantsi sai ga shi ya tsallako, ya rusuna.

"Maigida, barka da arziki. Wannan ai sai ya tada injin niƙa."

"Mun gode. Hoto za ka ɗauka?"

Dogo ya yi dariya. "Abu ɗaya na zo faɗa. Irin waɗannan da ake cire musu wayoyi, kada ka bar tsofaffin wayoyin a ciki ka jona su da sabon. Bakin zai shiga daram, amma tsarin wutar ciki ba ɗaya ba ne. Ka yi amfani da waɗanda suka zo a kwalinsa."

"Yaushe ka fara koya mini jona waya? Ranar da ka zo nan ko fulogi ba ka iya riƙewa."

"Haka ne, Maigida."

"To a gaida mutanen tsallake."

Na ce wa Kawu gaskiya Dogo ya faɗa. Nan na ƙara ɓata lamarin, don yanzu mun zama biyu. Tsofaffin wayoyin kuwa shi ya shirya su da hannunsa, ya ɗaure da zare, kowace da lambarta. Ya ce ba zai warware aikin shekaru saboda maganar wanda ya koyi share shago a wurinsa ba. Ya aike ni in ɗauko masa sukundireba a ɗakin gaba.

Da na dawo na lura da abu ɗaya. Gurbin faifai na bakwai babu komai, aljihun rigarsa kuma ya yi nauyi ya ja gefe. Bai dube ni ba. Ya kuma jona tsohuwar waya ɗaya kacal, mai ɗauke da fayafai biyu na sama.

Ya danna. Fankar kwamfutar ta juya sau ɗaya ta tsaya. Wani siririn hayaƙi ya fito, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Kawu ya fizge fulogi daga bango. Ya daɗe a tsugune, hannunsa ɗaya dafe da aljihun.

"Na ɗaya da na biyu," ya ce a hankali. "Shekarun farko ne."

Bai aike ni ba. Da kansa ya naɗe fayafan biyu a tawul ya tsallaka titi, karo na farko cikin shekara shida. Na bi shi. Dogo ya sallami wanda yake ɗauka, ya kai mu ciki, ya juya fayafan ya shinshina. Ya ce ƙaramin allon da ke bayansu ne ya ƙone, sau da yawa abin da ke ciki yana nan, zai gwada.

Kawu ba ya sauraro. Ya sunkuya yana leƙen cikin kwamfutar Dogo, wadda murfinta ke buɗe. Ya sa tabarau ya karanta lambar, ya sake karantawa.

"Ɗari shida da hamsin?"

"Ya ishe su, Maigida. Na saita su ne su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya."

Kawu ya miƙe ya cire tabarau. Ya dubi kujeru masu laushi, ya dubi fitilu.

"Shinshinar nan da ka yi," ya ce, "a wurin wa ka koya?"

"A wurinka."

"To."

Da yamma Dogo ya zo da kansa ya jona sababbin wayoyin, Kawu yana tsaye a kansa yana gyara masa ɗaurin zare. Fayafai tara suka tashi lafiya. Sai a lokacin Kawu ya ciro na bakwai daga aljihu. Ya miƙa wa Dogo, ya ce ya yi masa kwafi ya ajiye a can tsallake.

"Amma a gabana za ka yi," ya ce. "Kuma ba kallo na ce ka yi ba."

Faifai na ɗaya ya dawo bayan mako guda, na biyu bai dawo ba. Kujerar Kawu tana nan inda take. Jiya na same shi yana ƙirga masu shiga shagon Dogo, ya ce mini sha huɗu tun safe, kuma rabinsu ko tsayuwar hoto ba a nuna musu daidai ba.