Ƙafar Ganga a Gonar Maruta

Shekara goma sha biyu ina rataye da gangar badujala, ƙaramar nan mai siraran wayoyi a gindi. Ni nake kaɗa wa 'yan agajin Islamiyyarmu a Birnin Kudu in za su yi fareti. Sai mota ta kife da mu a hanyar Gwaram. Mutum uku suka rasu, ni na tashi da karyayyar kafaɗa. Ta ɗoru, amma ba ta ɗaukar igiya. Hannuwana kuwa lafiya lau.

Shugaban kwamitin makarantar, wani Alhaji mai shagon yadi, ya ce za a samo mini ƙafar ƙarfe in riƙa ɗora gangar. In hakan bai yi ba, in miƙa wa wani sandunan kiɗan.

Na ce a kai ni wurin mai walda. Na san abin da nake so. Ƙafa uku masu kauri, kowace da notinta, a ƙara wa wannan tsawo, a rage wa waccan. Mu ba a kan siminti muke kiɗa ba. Saukar karatu a ƙauye sai bayan kaka, a gonar da aka girbe, a kan kunya.

"Malam, kai da ko allo ba ka riƙe ba, kai za ka tsara wa mai walda aiki?" in ji Alhaji. "Na aika Kano."

Ƙafar ta iso tana ƙyalli kamar kwanon amarya. Ƙafafun sirara, tsawonsu ɗaya, noti guda ne a wuya. Ya kafa ta a shagonsa, na buga, ta tsaya.

"To, sai me kuma?"

"Alhaji, gona ba shago ba ce."

"Kafaɗa ta karye, gardama dai ba ta karye ba," in ji shi.

Ranar saukar a ƙauyen Maruta, bayan la'asar, na kafa ta. Ƙafa ɗaya a kan kunya, biyu a kwari. Na tokare da dutse. Fareti ya fara. Duk bugu sai ƙafa ta ƙara nutsewa a rairayi. Notin ya saki, gangar tana sauka, ina bin ta har na durƙusa. Sai ta karkace ta faɗi. 'Yan agaji suka rikice, wannan na taka wancan.

Alhaji ya karɓi lasifika. "A yi haƙuri, jama'a. Makaɗinmu bai gama warkewa ba."

Da mota ta danne ni ban ji abin da na ji a lokacin ba.

Na naɗe ƙarfen, na je har rumfar baƙi, na ɗora masa a cinya.

"Riƙe kayanka, Alhaji."

"Malam, a gaban mutane?"

"A gabansu ka faɗa."

Na koma na zauna a ƙasa, na gitta gangar a kan kunya biyu, wayoyin suna sama da kwarin. Na kaɗa har aka tashi, ban kuskure bugu ɗaya ba.

Bayan kwana uku kwamiti ya zauna. Ba a kira ni ba. Aka aiko a karɓi sandunan, wai don lafiyata. Wanda aka ba wa sandunan, kafaɗarsa ƙalau, rataya gangar yake yi. Saboda haka ba wanda ya sake kafa ƙarfen nan a gona, balle a ga wa ke da laifi.